Gasar rediyon sha'awa: waye ke da gurbi idan kowa na neman jin nesa?

Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo yana neman sashen Hausa a gajeren zango ya san tasha na iya hawa kan tasha, kana cikin jin labarai sai ga wani yare ya kutso daga gefe, ka ɗan matsa allura ya tafi, ka ƙara kaɗan kuma naka ya ɓace. To a tsakankanin zangunan manyan gidajen rediyon nan akwai wasu 'yan filaye da aka ware wa mutane gama-gari masu lasisi, su ba labarai suke watsawa ba, magana suke da junansu daga ɗaki zuwa ɗaki har ƙetaren teku, da na'urarsu da eriyar da suka ɗaura da hannunsu. Su ne masu rediyon sha'awa, kamar oba-oba ne amma mai tsallake nahiya. Kuma suna da gasa, gasa ta gaske wadda mutum zai hana idonsa barci kwana biyu a kanta.

Babbar cikinsu ita ce CQ World Wide, tun 1948 ake yin ta. Ta murya a ƙarshen makon ƙarshe na Oktoba, ta ƙwanƙwasar Mos irin ta tangaraho a ƙarshen Nuwamba, awa 48 cur, ana farawa sha biyun daren Juma'a agogon GMT wato ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar. Aikin kawai ka haɗu da tashoshi da yawa a ƙasashe da yawa. Ba hira ake ba fa, ka faɗi lambar kiranka, wato haruffa da lambobin da aka san tasharka da su, ka ba da rahoton sigina da lambar yankinka, shi ma ya ba ka nasa, shi kenan an wuce, cikin daƙiƙa kaɗan. Gwanaye suna haura mutum 200 a awa ɗaya. An raba duniya yanki 40, wanda ka samu a wata nahiya maki 3 ne, na nahiyarku amma wata ƙasa maki 1 (ƙasashen Amurka ta Arewa kaɗai ke ba junansu 2), ɗan ƙasarku kuwa sifiri, sannan kowace sabuwar ƙasa da kowane sabon yanki a kowane zango suna ninka jimillar makin. Ka ga ke nan tsarin da kansa ya tura kowa neman na nesa, abin da suke kira DX, kuma daga nan rigimar take farawa.

Yi lissafin da kanka. Zangon mita 20, wanda shi ne ya fi buɗewa tsakanin nahiyoyi, daga kilohaz 14000 zuwa 14350 ne gaba ɗayansa, kuma ba duka ake murya a ciki ba. Tsarin da IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ta yi wa Turai da Afirka ya ce masu gasar murya su fi tsayawa tsakanin 14125 da 14300, kilohaz 175 ke nan. Muryar mutum ɗaya tana cin kusan kilohaz 3. Wato idan za a zauna a tsare babu mai taka wani, tashoshi wajen 60 ne kawai za su samu wurin zama, alhali masu shiga gasar dubun-dubata ne. Babu wata dabarar da za ta sa wannan lissafin ya fita, dole a matsu, tambayar kawai ita ce waye za a matse kuma da wane dalili.

Doka a nan gajera ce, babu wanda ya mallaki gurbi, wato ɗan wurin da tasha ke zama a cikin zango ta yi magana. Dokar Amurka ma ta rubuta shi ƙarara cewa ba za a keɓe wa wata tasha wani gurbi ita kaɗai ba, ta kuma hana kutse da gangan, ta ce a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da saƙo. Al'ada kuma ta ƙara da cewa kafin ka fara kira ka saurara, ka tambaya ko akwai mai amfani da wurin, masu Mos su buga QRL da alamar tambaya, in ba a amsa ba ka zauna. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri har ya tashi. A kan takarda wannan adalci ne tsantsa, ni ma in aka karanto min shi haka zan ce ba gyara.

Amma cikin gasa mutane kashi biyu ne. Akwai masu zama, su kama gurbi ɗaya su yi ta kiran CQ, wato kiran duk mai ji ya amsa, jama'a na zuwa wurinsu, akwai kuma masu yawo, su bi zango daga ƙasa zuwa sama suna amsa wa masu kira ɗaya bayan ɗaya. Kamar ranar kasuwa ne, mai rumfa a bakin hanya yana zaune ciniki na samunsa, mai talla kuwa sai ya zaga rumfa-rumfa ya jira a gama da na gabansa. Mai zama ya fi tara maki nesa ba kusa ba, don haka gurbi shi ne dukiyar gasar, kuma shi ya sa za ka ji manyan tashoshi sun kama wuri tun kafin a buga agogo, suna ta hirar da ba ta da kai ba ta da gindi da abokansu don kawai a same su a wurin idan sha biyu ta cika. Wasu tashoshin masu ma'aikata da yawa in suka zauna a gurbi ranar Asabar da asuba ba za su ɗaga ba muddin zangon na buɗe, wannan ya gaji wancan ya karɓi makirfo. Ba su karya wata doka ba, amma "wanda ya riga zuwa" ta koma "wanda ke da mutanen da za su yi masa gadi".

Sai abu na biyu wanda shi ne mutane da yawa ba su gane ba, kuma shi ke sa a zagi wanda ba shi da laifi. Siginar gajeren zango sama take tafiya ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa can nesa, tsakanin inda ta tashi da inda ta sauka akwai fili mai faɗi da ba a jin ta sam. Don haka wani a Jamus da wani a Italiya za su iya zama a gurbi ɗaya tak a mita 15, kowa ya tambaya ko da mutum, kowa ya ji shiru, kowa ya fara kira da zuciya ɗaya, amma wanda ke saurare daga Kano ko Birazil yana jin su biyun a kan juna ba ya iya tsintar ko harafi. Waye ya riga zuwa a nan? Ga shi kuma hanyar tana sauyawa da tafiyar rana, mutum biyu da suka yi awa biyu a gurbi ɗaya ba su san da juna ba sai yamma ta yi su fara jin juna raɗau, kowa na rantsuwa tun safe yake wurin, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. A irin wannan ba ladabi ke raba gardama ba, ƙarfi ne. Mai wat 1500 da eriya jere a kan hasumiya zai ci gaba da kira kamar bai ji komai ba, mai wat 100 da igiyar waya a kan bishiya zai ga masu amsa masa sun ɗauke, ya tattara ya koma yawo. An raba rukuni-rukuni wajen ba da kyauta, masu babban ƙarfi daban, masu wat 100 daban, masu wat 5 daban, to amma a iska ai ba a raba ba, duk fili ɗaya ake.

Abin da ya fi ci min rai a wannan harka shi ne masu ƙazantar sigina. Mutum ya ƙure na'urar ƙara ƙarfi fiye da ƙima ko ya murɗe makirfo har ƙarshe, muryarsa maimakon kilohaz 3 sai ta fantsama ta ci ninki biyu ko fiye, mai Mos kuma ƙwas-ƙwas ɗinsa ya riƙa fita hagu da dama. Shi a wurinsa riba ce, don maƙwabta sun gudu gefensa ya yi tsit yana jin raunanan tashoshi da kyau. Wannan satar fili ce kawai, ya kwashe wurin mutum biyu ko uku ba tare da ya ce wa kowa tashi ba. Dokokin CQ World Wide sun lissafa sigina mai faɗin da ya wuce ƙima cikin abubuwan da za a iya hukunta mutum a kansu, sun kuma ce tasha ɗaya sigina ɗaya a zango ɗaya, ba a yarda ka riƙa kiran CQ a gurbi biyu na zango guda kana tsalle tsakaninsu ba. Dokar ta yi kyau, saura aiki da ita.

Akwai kuma 'yar muhawarar da ba ta ƙarewa game da masu rediyo biyu a gabansu, yana kira a wannan yana farauta a wancan. Ya bar gurbinsa na daƙiƙa ashirin ko talatin ya je ya kamo wata ƙasa a wani zango, kafin ya dawo wani ya tambaya ya ji shiru ya zauna, sai ya dawo yana cewa wurina ne. A ganina in an tambaya ba ka amsa ba, wuri ya tashi daga hannunka, kai ka zaɓi ka je neman ƙarin maki.

To me aka yi don na nesa ya samu shiga? Tsohuwar dabara ita ce taga, wato ɗan tsagi da aka ce a bar shi don haɗuwar nahiya da nahiya kawai. Dalilinta shi ne ƙasashe ba su da fili iri ɗaya. Hukumar sadarwa ta duniya ITU da ke Janiba ta raba duniya shiyya uku, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Rasha shiyya ta 1, nahiyar Amurka ta 2, sauran Asiya da Ostiraliya ta 3. A mita 80 mu namu filin ya tsaya a 3800, na Amurka ya kai 4000, shi ya sa aka ce daga 3775 zuwa 3800 a fifita masu neman ƙetare, haka ma 3500 zuwa 3510 ga masu Mos. A mita 160 an daɗe ana kiran 1830 zuwa 1835 tagar DX, kuma akwai lokacin da Japan gaba ɗaya filinta a wannan zangon daga 1907.5 zuwa 1912.5 ne, kilohaz 5 kacal ga ƙasa guda. Waɗannan zangunan na dare ne, hanya tsakanin nahiyoyi biyu wani lokaci mintuna kaɗan take buɗewa wajen fitowar rana ko faɗuwarta, in Bature ya zauna a tagar yana amsa wa Turawa maƙwabtansa a daidai wannan lokacin to ya kashe wa mutane damar da sai gobe, wasu ma sai baɗi.

Labarin mita 40 ya fi kusa da mu, domin maƙwabcin mita 41 ne da manyan gidajen rediyo ke watsa shiri a kai. Shekaru da yawa masu sha'awa na Turai da Afirka kilohaz 100 kawai suke da shi, 7000 zuwa 7100, sama da nan gidajen rediyo ne masu dubban wat, su kuma Amurkawa ba a yarda su yi murya ba sai can sama da 7150. Ka ga babu inda muryoyin biyu za su haɗu, sai aka koma raba baki da kunne, Bature ya yi kira a ƙasa da 7100 ya ce ina saurare a 7200 da wani abu, Ba'amurke ya amsa a can cikin hayaniyar gidajen rediyo. Kowace haɗuwa ɗaya gurbi biyu take ci, kuma sau da yawa mai amsawa bai ma saurari inda zai yi magana ba ya faɗa kan wasu. Taron ITU na 2003 ne ya yanke cewa gidajen rediyo su tashi daga 7100 zuwa 7200, aka ba su zuwa Maris 2009. Filin ya ninka, abin ya yi sauƙi sosai, amma dare ɗaya na gasa ya isa ya cika shi fal.

Kada kuma a manta ba kowa ne ya zo gasa ba. Akwai dattijon da duk Asabar yake gaisawa da abokinsa na wata ƙasa, akwai masu jiragen ruwa da ke taruwa a 14300 wanda kuma shi ne matattarar kiran gaggawa ta duniya a wannan zangon, akwai masu aika hoto a 14230, akwai tashoshin gwaji 18 da ke zagaye duniya suna buga alama a 14100, kowace daƙiƙa 10 bi da bi, don mutane su san ina hanya ta buɗe, har da ɗaya a Kenya da ɗaya a Afirka ta Kudu. Masu bibiyar guguwa a Amurka da Karibiyan suna aiki a 14325, kuma ƙarshen Oktoba lokacin guguwa bai wuce ba, a 2012 guguwar Sandy tana kan hanyarta zuwa gaɓar Amurka a daidai ƙarshen makon gasar. Waɗannan ma suna da haƙƙi. Babban abin da aka yi musu shi ne zanguna uku da aka samu a taron ITU na 1979, mita 30 da 17 da 12, aka yi yarjejeniya cewa ba a gasa a cikinsu, kuma abin burgewa har yau ana riƙe da wannan alkawari ba tare da ɗan sanda ba. Sai dai ƙanana ne, mita 30 kilohaz 50 ne kuma a yawancin ƙasashe ba a murya a ciki, sauran biyun 100-100, kuma mita 12 idan rana ta shiga shekarunta na sanyi a zagayenta na kusan shekara 11 sai ya yi ta zama shiru. Don haka cewa "ku koma can" ba cikakkiyar amsa ba ce. Jamusawa a gasarsu ta Worked All Europe sun ɗauki wata hanya, suka rubuta cikin doka wuraren da ba a yarda ɗan gasa ya taka ba, misali 14300 zuwa 14350 da 3650 zuwa 3700. Ni wannan na fi gamsuwa da shi, don abin da aka rubuta a doka ana iya zaftare maki a kansa, abin da aka bari ga kunya kuwa awa ta talatin ba barci take gushewa.

Yanzu ɗauki misalin wanda ke wannan yanki namu. Najeriya harafin farkon lambar kiranta 5N, Nijar 5U, Gana 9G, duka yanki na 35, Kamaru TJ da Chadi TT yanki na 36, Sudan ST yanki na 34. Tashoshi a nan 'yan kaɗan ne, don haka duk wanda ya fito a ranar gasa kowa na nemansa ido rufe, sabuwar ƙasa ce ga kusan kowa, wani lokaci har da sabon yanki, ga maki 3. Za ka ɗauka shi ne sarki. Amma kafin a gan shi sai ya samu inda zai tsaya, kuma Turawa eriyoyinsu sun juya yamma suna kallon Amurka, shi yana ta gefe, ba sa jin tambayarsa ba sa jin kiransa, sai su zauna a kansa ba su sani ba. In kuma Allah ya sa wani ya ji shi ya saka lambarsa a shafukan sanarwa na intanet, to nan take ɗaruruwa za su danna kwamfuta na'urarsu ta kai su gurbin daidai, duka su yi kira lokaci ɗaya a lamba ɗaya, ba sa tsayawa su ji wa ya amsa wa, su binne shi da kansu. Tun da manhajar CW Skimmer ta fito a 2008 ma ba sai mutum ya sanar ba, kwamfutoci ne ke sauraren zango suna fitar da duk mai kiran CQ da Mos cikin daƙiƙoƙi. Mafita ɗaya da ta rage masa ita ce raba baki da kunne, ya ce ina saurare sama kaɗan, amma a gasa ana ganin wannan cin fili ne, kuma da gaskiyarsu don turmutsutsun zai zube kan wanda ke zaune a saman. Duk da haka ni ina ganin tashar da ita kaɗai ce daga ƙasarta ta cancanci wannan sassauci na kilohaz ɗaya ko biyu in abin ya gagara. Kada a haɗa ta da manyan tashoshin da ake ginawa a Maroko da Tsibiran Kanari da Kef Bad, waɗanda a lissafi Afirka ne don haka Turai maki 3 Amurka maki 3, su waɗannan suna da ƙarfin da za su kare gurbinsu da kansu.

Akwai gasar da ta kama matsalar daga tushe. A North American Sprint, mai awa 4, doka ce in ka yi kira aka amsa maka mutum ɗaya to ka tashi daga gurbin, ka matsa aƙalla kilohaz 1 kafin ka amsa wa wani, ko 5 kafin ka sake kira, wanda ya amsa maka shi ke gadar wurin, shi ma na haɗuwa ɗaya. Babu mai zama ke nan, babba da ƙarami kowa yawo yake. Wata kuma ta mita 160 mai suna Stew Perry da nisa take ba da maki, ƙarin maki ɗaya a kowane kilomita 500, sai ya zama ribarka ce ka yi shiru ka tono raunanan muryoyin nesa maimakon ka yi ta ihu wa maƙwabta. Gasar zakaru ta WRTC da aka fara a Siyatil a 1990 ita kuma daidaita kayan aiki take, ƙungiyoyi a yanki ɗaya, ƙarfi ɗaya, eriya iri ɗaya, ga alƙali zaune a gefe. Ban ce a ɗora dokar tashi-bayan-ɗaya a kan gasar awa 48 ba, ba za ta yiwu ba, tashar Nijar da mutum dubu ke jira in aka ce ta tashi bayan kowace haɗuwa an cuci kowa. Amma waɗannan sun nuna cewa masu shirya gasa da alƙalaminsu suke ƙera halin 'yan gasa, duk abin da aka ba wa maki shi za a yi.

Shi ya sa nake ɗora nauyin a kansu, ba a kan ƙaramin da aka kora ba. A da sai su ce ba mu da shaida, maganar wannan ce da ta wancan. Yau akwai na'urorin da ke naɗar zango gaba ɗayansa na tsawon gasar, a dawo daga baya a ga waye ya fara zama, waye siginarsa ta fantsama, waye ya tsallaka iyakar lasisinsa, kuma kwamitin CQ World Wide yana amfani da irin wannan naɗi. Idan ana iya cire wa mutum maki don ya rubuta harafi ɗaya ba daidai ba a lambar kira, to wallahi ana iya cire wa wanda ya cinye wurin mutum uku na awa goma, a kuma buga lambarsa a sakamako kowa ya gani. Haka tagogin ƙetare a mita 80 da 160, a shigar da su cikin dokar gasa a ce haɗuwar 'yan nahiya ɗaya a ciki ba ta da maki, ka ga ko ba za a watse daga wurin a dare ɗaya ba.

Wasu na cewa sabbin hanyoyin kwamfuta za su kashe maganar, irin FT8 da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da abokin aikinsa a 2017. Gaskiya ne siginarta haz 50 ce kawai, gomman tashoshi na shiga filin murya ɗaya, kuma tana tsinto abin da kunne ba ya ji, har an yi mata ƙanwa FT4 mai sauri don gasa. Amma a can ma mai ƙarfi fiye da ƙima in ya shigo sai na'urar maƙwabcinsa ta rage jinta gaba ɗaya raunanan su ɓace daga allo, kuma su ma masu FT8 da ke zaune a 14074 da 7074 sun zama ƙarin jama'ar da 'yan gasar Mos da na sauran hanyoyin rubutu ke gogayya da su idan zango ya cika ya fara tumbatsa sama.